Kayan Gyaran Harsashin da Lawali Bai Gama Zaɓa Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a nan Jidda. Har yau idan na rufe shagona a Bab Makka ranar Alhamis, ƙafata takan so ta karkata wajen Sharafiyya inda gidansa yake, sai na tuna in juyo da ita. Ni Bakano ne mai sayar da yadi, shi Badamagare ne mai feƙe ƙarfe a kan injin da a nan ake kira makhraɗa. Don haka tun ranar da muka haɗu babu wanda ya raga wa wani. Yana ce mini bawansa, ina ce masa baƙauye. A haka muka tsufa tare, Allah ya jiƙansa.

Ban yi niyyar rubuta komai bana ba. 'Yarsa Hanan ce ta sa ni. Makon jiya ta tuƙo motarta da kanta ta zo shago. Da ubanta ya ga wannan, sai ya gama duba tayoyin kafin ya fara mamaki. Za ta je Damagaram karon farko a rayuwarta, bikin 'yar baffanta. Na ɗauka tsaraba ta zo saya, har na fara sauko da atamfofi. Sai ta zauna a kan kujera ta ce, cikin Hausarta mai gauraye da Larabci, tana kirana Ammi, wato baffa:

"Ya Ammi, wallahi ina tsoron tafiyar nan. Gwaggo ta taɓa faɗa a waya wai ni da Ummi muka riƙe Abuya har ya rasu bai koma gida ba. Kullum yana cewa zai tafi, zai tafi. Sahih ne? Yaʿni mu muka hana shi?"

Raina ya sosu ƙwarai. Ashe duk shekarun nan yarinyar tana ɗauke da wannan, tana gaishe ni da fara'a ban sani ba. Na ba ta amsa, kuma zan faɗe ta a nan. Amma sai mai karatu ya fara sanin abin da "zan tafi" take nufi a bakin Lawali.

Lawali ɗan maharba ne. A gidansu ba a sayen harsashi, narka dalma ake yi a zuba a mazubi. Ya baro bindigar mahaifinsa a hannun ƙanensa Issuhu lokacin da ya zo aikin hajji ya zauna. A wurinsa zuba dalma shi ne ƙaramin aiki, ko yaro ya iya. Harsashi ba ya fitowa daga mazubi daidai. Wani ya yi ƙiba, wani ya rame. Mai ƙibar ya maƙale, ramammen ya tafi inda ya ga dama. Saboda haka dole kowanne ya bi ta cikin zoben ƙarfe da zai matse shi ya daidaita, sannan a shafe shi da maiƙo, kakin zuma da kitse, don kada ya bar dalma a cikin bututun bindiga. Na ji wannan bayani har na haddace shi, ni da ko kaza ban taɓa harbi ba.

A Jidda bai taɓa riƙe bindiga ba, bai kuma zuba harsashi ko ɗaya ba. Yakan ce, "Ni da iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar mutane, ba na wasa da hukuma." Abin da yake zubawa a saman benensu shi ne dalmar fatsa, wadda masunta ke ɗaurawa don ƙugiya ta nutse. Amma ko ita sai ya tura ta ta cikin wani zobe da ya feƙe da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda ba su yi masa ba. Na sha gaya masa kifin Bahar Maliya ba ya yawo da ma'auni. Sai ya ce shi ya sa ba a ba Bakano aikin hankali.

To, alkawarin da ya yi wa kowa shi ne, ranar da ya gama zaɓen kayan da zai riƙa gyara harsashi da su, zai je wurin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya nemi takardar fita ta ƙarshe, ya koma gida ya ɗauki bindigar ubansa. Kayan kuwa iri biyu ne. Akwai injin hannu na Turawa da ake ɗaurewa a jikin tebur, ka ja mariƙinsa sau ɗaya ya matse harsashi ya kuma cusa masa maiƙo a lokaci guda. Akwai kuma hanyar iyayensa: zobe daban, kaskon narka maiƙo daban, aiki biyu a hankali. Injin yana da sauri da tsabta, amma yana da nauyi, kuma in wani abu ya karye a ƙauye wa zai kawo maka madadinsa? Zoben yana shiga aljihu, ba ya lalacewa, amma yana cin yini kuma yana ɓata hannu. Wannan Alhamis Lawali mutumin inji ne, wata Alhamis ya koma mutumin zobe. In na goyi bayan inji don in huta, nan take zai tuna cewa kakanninsa ba su san inji ba kuma ba su kwana da yunwa ba. In na koma zobe, sai ya ce ni maƙiyin ci gaba ne.

Maganar maiƙon ma gardama ce mai zaman kanta. Yakan haɗa kaki da kitse ya ajiye a rana ya ga ko zai jure zafi. Zafin Jidda kuwa ba ya jin roƙo. Kafin la'asar abin ya zama miya, tururuwa sun yi layi. Matarsa Hajiya Maryam, haifaffiyar nan ce kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta, ta rasa kasko bayan kasko a wannan bincike. Wata rana ta ɗebo sauran kaskwanta duka ta kulle a ɗaki, ta rataya mabuɗin a wuya. Lawali ya sauko yana ta faɗa cewa ana tauye ilimi a gidan nan, amma da aka kawo shayi da sambusa shi ya fi kowa ci.

Wata shekara ina yawo a haraj, kasuwar kayan gwanjo, sai na ga irin injin nan cikin tarkacen wani Bature da ya gama aiki ya tafi. Mai sayarwa bai ma san na mene ne ba, ya ce wataƙila na matse lemo ne. Na saya don in ƙure abokina. Na kai masa a cikin buhu na dire a gabansa, na ce to ga shi, sai ka shirya jaka. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke kowane ƙarfe, ya mayar, ya ja mariƙin yana sauraro kamar likita. Ni da ban san ƙarfe ba na ga lafiyarsa ƙalau. Ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ɗago ya ce da ɗan Faransancinsa na mutanen Damagaram, "Bon. Mariƙin ya yi gajere. Ba zan tahi da wannan ba." Na yi dariya har na ƙware. Daga baya ya ba wani maƙwabcinsa mai gyaran takalma, ya yi masa dabara yana danna maɓallai da shi.

A 'yan kwanakin nan wani maƙwabcin shagona ya nuna mini a waya yadda masu wannan sha'awa a ƙasashen da doka ta yarda suke yi yanzu. Wasu sun bar maiƙo gaba ɗaya. Wani irin fenti suke shafa wa harsashi su gasa, ya fito ja ko shuɗi kamar alewar yara. Na yi ta tunanin abin da Lawali zai ce. Na tabbata da farko zai tofar da yawu ya ce an mai da aikin maza wasa. Mako na zagayowa zai zo da tambaya: fentin yana jure zafi? Ana matse shi kafin gashi ko bayan gashi? Da ya sami hanya ta uku, da gardamar ta ƙara shekara goma. Jiddar da ya sani ma ta canza, lunguna da yawa da muka taka tare sun zama fili, masuntan da yake ba dalma sun koma sayen ta kanti. Ina jin wannan ne kaɗai zai ɓata masa rai, don zai ɗauki ta kantin ya juya ta a hannu ya ga ba a daidaita ta ba.

Ga abin da na gaya wa Hanan. A shekarar da aka haife ta, bayan hajji, Lawali ya zo shagona da wani alhaji ɗan garinsu da zai koma gida. Ya zaɓi shadda mai kyau ya ce a kai wa Issuhu. Sannan a gabana ya ba alhajin saƙon baki: "Ka ce wa Issuhu ya ba babban ɗansa bindigar Baba, na ba shi halak malak. Kada ta yi tsatsa tana jirana. Ni na samu gida." Da alhajin ya fita, Lawali ya juyo ya nuna ni da yatsa. Ya ce, "Kai kuma ka riƙe bakinka. Ni ɗan maharbi ne, ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce na bar daji ba. Ka bar ni da gardamata."

Na bar shi da ita. Duk shekarun da muka yi muna musu kan inji da zobe, mu biyu mun san babu bindigar da ke jiransa. Sayen injin haraj ma tsokana ce tsagwaronta. Yana son zancen ne saboda a cikinsa yake ganin mahaifinsa da dajin garinsu, ya yi yawonsa ya dawo, ya sauko ya ci abincin Hajiya Maryam. Ban taɓa ganin mutumin da ya fi shi gamsuwa da inda yake ba.

Hanan ta rufe fuska da gefen mayafinta. Na ɗauka kuka kawai take yi, ashe har da dariya. Ta ce, "Yaʿni duk kaskwan Ummi a banza suka tafi?" Na ce a banza, kuma kada ta gaya mata sai na yi nisa.

Idan na auna abin da ya rage na Lawali, ba kaya ba ne. Makhraɗar ta kafili ce, zoben ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya zo baƙo, ya zaɓi wuri da mutane da zuciya ɗaya, bai kuma taɓa yi musu gori da abin da ya bari ba. Kunyarsa ce kawai ta bar 'yarsa da nauyin da bai san ta ɗauka ba. Da ya sani, na rantse da ya hau bene ya yi shela. Shi ya sa na saki bakin da ya ce in riƙe, kuma na san zai yafe wa bawansa.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗayyib, ya Ammi, in Gwaggo ta sake faɗa fa?"

Na ce, "Kewar ɗan'uwanta ce ke magana, kada ki yi musu da ita. Ki nemi ɗan baffanki ya nuna miki bindigar, ki tambaye shi tun yaushe take hannunsa. Lokacin da ubanki ya yanke shawarar zama, ko zama ba ki iya ba, balle ki riƙe wani."