Mutum na Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin allon maki a babban filin kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, na nan tsibirin Barbados. Ina zaune can sama, in rataya lamba in sauke lamba, ba ruwana da wanda ya ci ko wanda aka ci. Daga can ina hango komai, amma abin da na fi gani shi ne ƙeyar Osbert Yearwood, don kullum a sunkuye yake yana duba ƙasa.

Shi ne mai gyaran fage, wato tsirin ƙasar nan mai tsawon yadi ashirin da biyu a tsakiyar fili, inda ake jifa ake bugu. Mutumin St Lucy ne, can arewacin tsibirin nan, ɗan mai saran rake. Tun yana ɗan shekara sha huɗu ya gudo daga gona ya kama tura rola, abin daddale ƙasa, a filin, har ya zama shi ke ba da umarni. Gajere ne, ga faɗin kafaɗa, ga ƙarancin magana. Ya auri Eudine, mai ɗinki, suka haifi mata uku da namiji ɗaya, Rawle. Ranar Lahadi yana karɓar baiko, wato sadakar masu ibada, a coci. Giya kofi ɗaya yake sha, ran Asabar, a shagon Miss Verna, kuma shi ke biyan nasa.

Abu ɗaya yake taƙama da shi, sunansa. Wani kyaftin ya taɓa aiko masa da kwalbar giya mai tsada don ya bar ciyawa a fage, sai ya ɗauke ta da kansa ya mayar har ɗakin 'yan wasa, ya ajiye a gaban kowa. Labarin nan na ji shi daga bakinsa ya fi sau hamsin. Gaskiya mai gaskiya ne, amma yana son a sani, kuma wannan ne ya sa wani lokacin zama da shi yake gundurata.

Akwai al'ada a filinmu. In saura kwana biyu a fara babban wasan kwana biyar, shugaban masu zaɓen 'yan wasa da kyaftin sukan tako har tsakiyar fili. Osbert ya durƙusa, ya zaro makullin gidansa ya soka a ƙasa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsu, sannan ya faɗi magana ɗaya. In ya ce ƙasar za ta yi tauri ta riƙe, a cika ƙungiya da masu jifan gudu. In ya ce za ta bushe ta tsage, a sa mai murɗa ƙwallo, don a tsagaggiyar ƙasa ƙwallonsa ke yin kwana ta ruɗa mai bugu. A shekara talatin da ɗaya sau biyu kacal maganarsa ta faɗi ƙasa, shi ma ruwan sama ne ya ba shi kunya.

Rawle kuwa mai murɗa ƙwallo ne, da hannun hagu. A gefen filin nan ya koya, yana jifan kurtun fenti yayin da ubansa ke ba fage ruwa. A tsibiranmu masu jifan gudu su ne 'yan gata, mai murɗawa sai an rasa yadda za a yi. Shekara uku a jere ba wanda ya kai shi fitar da masu bugu daga wasa a gasar tsibirai, amma sunansa bai taɓa shiga jerin babbar ƙungiya ta tsibiran gaba ɗaya ba. Yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana jira. Sai da ya kai ashirin da tara aka kira shi cikin mutum sha uku da za a tsamo sha ɗaya daga cikinsu, don wasan ƙarshe da 'yan Ingila, wanda shi zai raba gardama. Kuma a filinmu za a yi.

Goma an gama da su, kowa ya san sunayensu. Gurbi na sha ɗaya ne ya rage: ko Rawle, ko wani dogon yaro ɗan Jamaica mai jifan gudu. Mai shekara ashirin da tara in ya rasa wannan, da wuya a sake tuna shi.

Nan fa bakin mutane ya buɗe. A rediyo 'yan Jamaica suna bugo waya suna cewa ai an san yadda za ta kaya, uba ne mai ƙasa, ɗa ne mai jifa. Namu na gida ma ba su bar shi ba. Ran Asabar muna buga domino a shagon Miss Verna, Clyde Husbands, wani direban bas mai bakin tsiya, ya ɗaga murya.

“Mista Yearwood! An ce bana fage azumi yake yi, ko ɗigon ruwa ba ka ba shi.”

“Ka buga wasanka, Clyde,” in ji Osbert.

“Ai ban ga laifinka ba, dattijo. Wa zai tuƙa tuwo ya hana ɗansa? Ni ma da ni ne, har barkono zan barbaɗa wa ƙasar.”

Shago ya kwashe da dariya. Miss Verna ta ce, “Clyde, in ba ka rufe bakin nan ba, sai ka je ka sha ruwan teku yau.” Osbert ya miƙe. Ya ajiye kuɗinsa a kan tebur, ya bar rabin giyarsa, ya fita.

Maganar gaskiya, bai yi wa fagen komai ba. Fari aka yi a shekarar, wata uku ba ruwan kirki, ga iska daga teku tana busar da abin da ya zuba. Ruwa ya ba shi kamar kullum, har ya ƙara, ni shaida ne. Ran Talata da yamma na sauko na same shi a durƙushe, yana murza ƙasa da yatsu.

“Yaya ta ce?” na tambaye shi.

“Kwana na uku za ta buɗe baki. Na huɗu kuwa, ko kai ka murɗa ƙwallo sai ka fitar da mutum.”

“To ai shi ke nan. Rawle ya shiga. Ka gaya wa Eudine ta fito da rigar bikinta.”

Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ci gaba da murza ƙasarsa.

Ran Laraba da hantsi suka zo, Mista Pilgrim shugaban masu zaɓe, da kyaftin, da 'yan jarida biyu a bayansu. Ina kusa, na sauko ɗaukar fenti. Pilgrim mutum ne mai fara'a, kuma na tabbata ba da wata manufa ya yi maganar ba. Ya dafa kafaɗar Osbert yana murmushi.

“To, dattijo, na sha ɗaya a hannunka yake. Kodayake ina jin mun riga mun san abin da za ka ce, ko?”

Ɗaya daga 'yan jaridar ya yi 'yar dariya. Osbert ya durƙusa, ya soka makulli, ya ƙwanƙwasa. Ya daɗe a ƙasa fiye da yadda ya saba. Da ya miƙe bai kalli kowa ba.

“Ta masu gudu ce,” ya ce. “Za ta riƙe har kwana biyar.”

Kyaftin ya dubi fagen, ya dubi Osbert. “Ka tabbata, Mista Yearwood? Ni sai nake ganin kamar ta yi fari da yawa.”

“Sama ne kawai. Akwai danshi a ƙasa.”

Wa zai musa? Mutum ya yi magana a kan ɗansa na cikinsa. Pilgrim ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza. Kafin azahar rediyo ta faɗi jeri: ɗan Jamaica ya shiga, Rawle ya zama na sha biyu, wanda aikinsa kai wa 'yan wasa ruwa da tawul.

Na bi shi har rumfar da yake ajiye kayan aiki. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

“Osbert, jiya me ka ce mini?”

“Da na faɗa, wa zai yarda? Ko ya fitar da mutum goma cewa za a yi ubansa ne ya gyara masa.”

“To su ce mana! Bakinsu ne.”

“Kai ba ka da abin da za ka rasa,” ya ce, ya juya mini baya. Na ɗauki fentina na hau sama.

Kwana biyun farko lafiya lau, har na fara fatan ƙaryarsa ta zama gaskiya. Ran na uku bayan abincin rana ƙasa ta fara tsagewa, daidai yadda ya faɗa mini. 'Yan Ingila suna da wani mai murɗa ƙwallo, siriri mai tabarau, wanda ko a ƙungiyar unguwarmu ba zai ba kowa tsoro ba. Mutum bakwai ya fitar mana. Masu gudunmu huɗu suka yi ta jifa a mataccen fage har harshensu ya fito, ƙwallo ba ta ko tashi zuwa gwiwa. Ni dai ina rataya lambobi, hannuna har ya gaji da sauke sunayen namu.

Ran na huɗu, lokacin hutun shan ruwa, Osbert ya shiga da tsintsiya zai share ƙurar fage, Rawle kuma ya shigo da faranti cike da kofuna. Daga sama na ga ya gama rabo, ya tsaya, ya tsuguna ya sa babban yatsa a wata tsaga. Sannan ya je wurin ubansa. Ban ji abin da suka ce ba, Osbert ne ya gaya mini daga baya.

“Baba, tun yaushe ka sani?”

“Tun Talata.”

“To.”

Iyakar maganar ke nan. Kofi ɗaya ya rage a farantin, sai Rawle ya miƙa masa. Osbert ya jingina tsintsiya a jikinsa ya karɓa ya sha, mutum dubu goma sha biyar suna kallo, ba wanda ya ga wani abu a ciki. Washegari kafin abincin rana aka cinye mu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi. Ba wanda ya zargi Osbert. Jarida ta ce ko gwani yakan yi kuskure, ta kuma yaba wa mutumin da bai karkata ga jininsa ba. 'Yan Jamaica masu bugo waya suka koma kiransa dattijon arziki. Clyde Husbands da kansa ya cire hula a shagon Miss Verna ya ce, “Mista Yearwood, na janye maganata. Yau ni zan saya maka.” Karo na farko ke nan da na ga Osbert ya bar wani ya biya masa, kuma bai sha ba.

Ba a sake kiran Rawle ba. Tafiya ta gaba zuwa ƙasar da ake son masu gudu ce, kafin a dawo kuma wani ƙaramin yaro daga Guyana ya taso. Rawle ya ƙara shekara biyu yana buga wa tsibiri, sannan ya tattara ya koma Toronto, can ƙasar waje, yana tuƙa motar kai kaya. Bai yi faɗa da ubansa ba, bai gaya wa kowa ba. Duk Lahadi yana bugo waya, ya daɗe da uwarsa, sannan ya tambayi uban lafiyar gwiwarsa. Eudine dai ta sani. Ko Rawle ne ya gaya mata ko ita ta gane, ban tambaya ba. Tuwon masara da kuɓewa da kifin da take aiko wa mijinta fili kowace Asabar bai fasa zuwa ba, amma ita ba ta sake taka filin ba.

Bayan shekara huɗu Osbert ya ajiye aiki, aka shirya masa ɗan biki a ɗakin manya. A ranar ce kaɗai Eudine ta zo, ta zauna a baya da jakarta a cinya. Pilgrim ya yi jawabi, ya ba da labarin ranar Larabar nan tiryan-tiryan. Aka miƙa wa Osbert wani allon gilashi mai rubutun zinariya, ana tafi. An rubuta sunansa, da shekarun aikinsa, da cewa bai taɓa fifita kowa a kan gaskiya ba.

Muna fitowa zuwa tashar bas, Osbert yana rungume da allon a ƙirji, Eudine ta tsaya.

“Yearwood, ina za ka da wannan?”

“Gida mana.”

“Ba gidana ba. In ya shiga, ni in fita.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci, sannan ya miƙo mini ya ce in ajiye masa kwana biyu. Na kai shi ɗakin allon maki na jingina a bayan kurtun fenti. Shekara shida ya ƙara a duniya, yana noman 'yar doya a bayan gida, bai zo ya karɓa ba.

Da ya rasu Rawle ya zo, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Shi ya kama gaban akwatin gawa, shi ya tsaya a ƙofar coci yana karɓar gaisuwa, kowa na gaya masa irin uban da Allah ya ba shi, yana cewa na gode. Bayan kwana biyu na kai shi sama na ciro allon, na goge ƙura da hannun rigata na ba shi. Ya karanta rubutun daga farko har ƙarshe, leɓensa na motsi. Sai ya maido mini.

“Kawu, riƙe kawai,” ya ce. “Jakata ta cika.”