Gidan Kaka Kyauta a Kwamfutar Rumaisa

Duk wanda ya yi karatun zanen gine-gine tare da mu a Minna ya san Rumaisa Maliki. Ko bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin ita ake jiyowa daga ƙarshen ɗakin zane tana yi wa kwamfuta faɗa kamar mai faɗa da tela ranar jajibirin salla. Ni sunana Na'ima. Ɗaki ɗaya muka zauna da ita a Bosso tun shekarar farko, don haka kunnuwana sun fi na kowa shan wuya.

A Chanchaga aka haife ta, mahaifinta Malam Maliki gyaran keken ɗinki yake yi. Amma asalinsu Wushishi ne, inda kakan babanta ya sauka zamanin aikin hanyar jirgin ƙasa, ya gina gida da jar ƙasa. Duk hutu can ake kai ta wurin kakarta Kyauta. A gidan nan babu bango ko ɗaya da ya miƙe sak. Kowanne da kauri a gindi, yana yin sama yana sirancewa, kusurwoyin duk a lanƙwashe. Ƙofar zauren gajera ce, dole mai shiga ya sunkuya. A watan Maris, lokacin da rana ke gasa mutane, ɗakin Kaka sanyi ƙalau kamar cikin randa.

'Ya'yan Kaka kuwa kunyar gidan suke ji, musamman babbansu Baffa Sanda mai sayar da hatsi. Ya daɗe yana so a rushe a yi na bulo da siminti, irin na maƙwabta. Duk salla sai ya ɗauko maganar, duk salla sai Kaka ta ce sai dai bayan ranta. Ita kaɗai ce ta tare musu hanya, ga ta kuma tana ta tsufa.

Wannan ne ya sa da muka kai shekarar ƙarshe, Rumaisa ta zaɓi gidan a matsayin aikinta na kammala karatu. Niyyarta ta shigar da shi cikin kwamfuta yadda yake, ta nuna yadda kaurin bangon ke tare zafi da yadda iska ke ratsa tsakar gida, sannan ta ajiye a gaban Baffa Sanda ta ce masa gyara gidan ke buƙata, ba rusau ba. Ta je ta auna komai da igiyar awo, ta dawo ta yi baƙi ƙirin saboda rana, tana murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Manhajar da muke zane da ita, wadda kamfanin ke bai wa ɗalibai kyauta, ba ta san bango mai karkata ba. Rumaisa ta ja layi a ɗan lanƙwashe, manhaja ta fizge shi ta miƙar. Ta sake ja, ta sake miƙarwa. Kaurin bango kuwa lamba ɗaya take karɓa daga ƙasa har sama. Da ta sa tsawon ƙofar zaure, sai ƙofar ta koma ja, wai ba ta kai ƙa'ida ba. Ta duba kayan gini, akwai siminti, ƙarfe, gilashi, da katakon itatuwan da ko sunansu ba mu iya faɗa, amma babu jar ƙasa.

"Na'ima, zo ki ga rainin hankali," in ji ta. "Gidan da ya girmi babana, shi wannan abin ke ce wa kuskure!"

Kamfanin yana da dandali a intanet inda ɗalibai ke yin tambaya da roƙon a ƙara musu wani abu. Tsarin shi ne, in ka rubuta roƙonka sai sauran ɗalibai su jefa masa ƙuri'a, wanda ya fi ƙuri'a shi ake dubawa. Rumaisa ta rubuta a natse: yaya ake kashe abin da ke miƙar da layi? Za a iya ba da damar bango ya yi kauri a ƙasa ya sirance a sama? Za a iya ƙara ginin ƙasa? Amsar farko daga wani ɗalibi ce a wata ƙasa, yana tambayarta me zai sa mutum ya so karkataccen bango, ko hannunta ne ke rawa. Ta biyu daga kamfanin, sun gode mata da kyakkyawar shawara, sun ce kashe wancan abu yana cikin manhajar ƙwararru, ba ta ɗalibai ba. A saman nata roƙon akwai na wani da ke son a canja launin allon aiki zuwa baƙi, ƙuri'unsa sun kai dubbai. Wallahi ni kaina sai da raina ya ɓaci.

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya sai da kowa a ajinmu ya jefa mata ƙuri'a. Gimba, wani ɗan ajinmu daga Maikunkele, ya jefa tasa yana girgiza kai.

"Rumaisa, kai kana wahala da kanka," ya ce da irin Hausarsa. "Wannan abu bai san Wushishi ba. Ka zana masa gida na Abuja, malam ya ba ka maki, ka tafi gida."

"Gimba, in ba za ka taimaka ba, matsa min daga haske."

Lokacin nuna wa malami inda aiki ya kai ya matso, ba ta da abin nunawa. Dole ta bar manhajar ta yi yadda take so. Abin da ya fito gidan Kaka ne, ɗakunan duk a inda suke, zaure a gaba, rijiya a gefe, amma an miƙar da komai, an shafe da siminti fari tas, ƙofar zaure ta yi tsawo. Ta dube shi ta ce kamar an yi wa tsohuwa kwalliyar amarya. Cikin haushi ta tura wa babanta hoton ta waya, ta biyo shi da dogon saƙon murya tana zayyana yadda kwamfuta ta ɓata gidan.

To, duk danginsu sun san saƙon muryar Rumaisa. Babu mai sauraronsa har ƙarshe, wasu ma ba sa farawa. Malam Maliki ya ga hoto, ya ji daɗi 'yarsa ta zama injiniya, ya tura wa yayansa Baffa Sanda. Su kuma a saninsu, ba a zana gidan da yake tsaye. In mai ilimin gini ya zana maka gida, to wanda za a gina ne. Ba wanda ya kira ta, wai kada a ɗauke mata hankali tana tsakiyar karatu.

Ita kuwa tana can ta samo dabara. Tun da manhajar ba ta yarda da bango mai sirancewa ba, sai ta riƙa yanka shi falle-falle tana ɗora ƙarami bisa babba. Kwamfutarta ta yi ta zafi tana tsayawa, wuta na ɗaukewa, tana zagi tana ci gaba. Makonni ta shafe a haka, har ta rame. Ranar da ta gama ta kira ni na duba, na ga gidan da karkatarsa da komai, har da lanƙwasar da ke bayan ɗakin Kaka. Ta ce in raka ta Wushishi ranar Asabar, tana son shaida idan Baffa ya sauko.

Tun daga bakin layi muka hango tulin yashi da bulo a jere. Zauren babu shi. Bangon gaba ya zama tsibin jar ƙasa, awaki na hawa kai. Rumaisa ta tsaya cak, jakar kwamfuta a kafaɗarta.

Baffa Sanda ya taho da fara'a, riƙe da hoton nan, an buga shi a babbar takarda.

"Ga injiniyarmu!" ya ce wa birkilan da ya ɗauko don aikin. "Ita ta zana. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, yadda kika tsara haka za mu bi, ko taku ɗaya ba za mu kauce ba."

Ta wuce shi zuwa gindin dalbejiya, inda aka fito da gadon Kaka da tukwanenta da akwatinta. Tsohuwar na zaune kan tabarma tana jan carbi. Rumaisa ta durƙusa a gabanta.

"Kaka, ba ke kika ce sai bayan ranki ba? Me ya sa kika bar su?"

Kaka ta kama hannunta ta riƙe.

"Da su ne suka zo da bakinsu, da korar su zan yi kamar kullum," ta ce. "Amma sun nuna min takarda, sun ce ke kika yi da hannunki. Sai na ce tun da har Rumaisa ta ga gidan bai yi ba, to ni ce ban gani ba."