Cediya Biyu na Mai Tsaron Gida

Shekara arba'in ke nan da Allah ya karɓi ran kakana, Malam Nomau, wanda tsofaffin Gusau suka sani da Mai Tsaron Gida. Ni jikarsa ce, ko in ce amaryarsa, don haka yake kirana har ya bar duniya. Da ban yi niyyar rubuta komai ba, sai ga wani magini ya zo da shawarar gatari, ya tayar mini da tsohon miki.

A zamanin da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, Kaka yana saurayi, yana aikin lebura tare da samarin Tsafe da na Bungudu. Akwai wani akawu, mutumin kudu, da ya zo da tamola ta fata a cikin akwatinsa. In an tashi aiki sai ya tara su a gonar mahaifin Kaka, ta hanyar Wanke, bayan an cire amfani. Ya raba su gida biyu, suka sa wa kansu suna 'Yan Dogo. Babu takalmi babu riga iri ɗaya, kuma Kaka ya ce ranar farko rabinsu da hannu suka cafke tamolar suka ruga da ita.

Da aka zo kafa sandunan gola, Kaka ne ya saro rassan cediya huɗu, aka kafa biyu gabas, biyu yamma. Akawun nan Hausarsa ba ta nuna ba. Ya rasa yadda zai bayyana aikin gola, sai ya ja Kaka ya tsayar da shi tsakanin sandunan gabas ya ce, "Nan gida. Kai tsare gida." Shi ke nan fa! Bawan Allah ya ɗauki maganar kamar amanar da liman ya ba shi. Ko an tafi hutun shan ruwa ba ya matsawa, sai dai a miƙo masa buta. Nan yake alwalar la'asar, a gindin sandunan, yau wannan gobe wancan.

Rani biyu kacal ƙungiyar ta yi. Wasa ɗaya suka taɓa yi da baƙi, wasu samarin Bungudu da suka tako da ƙafa, kuma har Kaka ya mutu bai yarda an ci shi ba, wai tamolar ta sama ta bi. Daga nan aiki ya yi gaba zuwa Ƙauran Namoda, 'Yan Dogo suka bi shi. Kaka bai bi ba, don mahaifinsa ya tsufa. Ranar tafiya akawun ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tsare gida, suna dawowa da rani. Ko mutum ɗaya bai dawo ba.

Sandunan yamma gara ta cinye su. Na gabas kuwa, da suka sha ruwan alwala rani biyu, damina na sauka suka yi toho. Lokacin da na yi wayo sun zama manyan itatuwa, rassansu sun haɗe ta sama. Kaka yakan noma ko'ina a gonar amma ban da tsakaninsu. Duk rani sai ya share wurin tas ya shimfiɗa buzunsa.

Nakan tsokane shi in ce, "Angona, wane irin gida ne wannan, ba ɗaki ba danga? Ni fa ba zan tare a nan ba."

Sai ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito, ya ce, "Ke amarya, anka ce in tsare, ba a ce mini an hwasa ba. In sunka dawo sunka iske ba kowa, mi zan ce musu?"

A lokacin dariya nake yi, ina ganin rigimar tsufa ce. Sai da na girma na binne nawa mutanen na gane ba tamola yake jira ba. Abokan ƙuruciyarsa yake jira, kuma ya fi kowa sanin ba za su zo ba. Alkawari kaya ne, shi kuwa bai iya sauke kaya a rabin hanya ba. Wallahi ina kewarsa, har yau in na ga tsoho da buta a gindin itace sai in tsaya ina kallonsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina na cika gidan kallo suna ɗaga jijiyar wuya a kan ƙungiyoyin ƙasashen da ba su san hanyarsu ba. Na san zai yi wa golan zamani tsiya, mai safar hannu kamar zai ɗauko tukunya daga wuta. Amma abin da zai fi taɓa shi, ina jin, shi ne ganin mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu, jikokin abokansa, sun baro gidajensu ba da son ransu ba. Yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ya ga waɗannan, na tabbata da ya sassauta karin maganar, ya matsa musu wuri a buzunsa.

Gari ya ci gonar tuni. Da aka raba gado, 'yan'uwana suka zaɓi bakin titi, ni na ce a ba ni wajen cediyoyin, aka yi ta yi mini kallon wadda ba ta san ciwon kanta ba. Bana na tashi yin gini, magini ya zagaya, ya buga ƙafa a kan saiwa ya ce, "Hajiya, sai an sare waɗannan, in ba haka ba za su fasa miki tushe." Ɗana ma ya goya masa baya, wai itace ne kawai, a dasa wasu.

Na yi mako guda ina juya maganar. Gaskiyar magini ce, saiwar cediya ba ta da kunya. Amma ba hoton Kaka ko ɗaya a duniya, tamolar ta tafi da akawu, waɗanda suka san 'Yan Dogo duk sun kwanta dama. In itatuwan nan suka faɗi, ba sauran abin da zan nuna in ce ga shaida an yi su.

Na ce a ja ginin baya, ko da ɗaki ɗaya zai ragu, ya kuwa ragu. Na ce a daidaita ƙofar zaure ta dubi tsakanin cediyoyin, yadda duk mai shigowa sai ya bi ta inda Kaka ya tsaya. Magini ya girgiza kai ya ja igiyarsa.

Jiya aka sa ƙyaure. Na je da buta na yi alwalar la'asar a gindinsu, rabi ga wannan rabi ga wancan. Allah ya jiƙanka, Malam Nomau, ya sa Aljanna ce makomarka. Ba su dawo ba, angona, amma ka huta haka nan. Amaryarka ta tare, gida yana hannuna.