Motar da Ta Daina Durƙusa wa Baba

Mun tashi da asuba daga unguwar Moshi Zongo a Tamale, ni da ƙanena da Baba, za mu Bolgatanga. Yayar Baba ce ta aiko cewa jiki ya yi nauyi, tana son ganin ƙaninta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Sai na faɗi halin motar kafin ku gane wautata. Tsohuwa ce ƙirar Faransa, na saye ta hannun wani Bature da ya tattara kayansa bayan an sauya tuta. Babu sifirin a bayanta, wasu ƙwallayen ƙarfe ne biyu masu aiki da mai. In an kashe ta sai ta durƙusa, in an tayar ta miƙe a hankali, ko buhu nawa aka ɗora mata. Baba ya bi raƙuma a ƙuruciyarsa har ƙugunsa ya lalace, shi ya sa yake ce mata taguwa. Ita kaɗai yake shiga ba a ɗauke shi ba.

Watan jiya ta soma yoyon mai, ta ƙi miƙewa. Tsohon makanikin unguwarmu ya leƙa ya ce, "Masta, roba ne ya mutu, mota bai mutu ba. Ba ni sati uku, a kawo daga Wagadugu." Ba wani uzuri gare ni ba, kunyar a gan ni bisa keke ce ta dame ni. Na kai ta unguwar Changli, wani mai walda ya yanke komai ya ɗaura sifirin lori cikin kwana biyu. Har tukwici na ba shi.

Tun a ƙofar gida na sha jinin jikina. Mota ta tsaya ƙiƙam, sai da muka ciccibi Baba kamar buhun gero, maƙwabta na kallo.

A Savelugu muka sha koko da ƙosai na sisi, mai kokon tana ta yi mana ciniki da Dagbanci, ƙanena na gyaɗa kai kamar yana ji. 'Yan makaranta sun jeru gaban tuta mai baƙin tauraro, mata na wucewa da kwandunan kaɗanya. Daga nan gargada ta soma. Hanyar da a da nake bi da kwanon nono a baya bai zube ba, yau kowane rami sai ya ɗaga mu. Ina hangen Baba a madubi, ya riƙe kujera da hannu biyu, gumi na bin gemunsa.

Kusa da Diare ya ce in tsaya. Muka kwantar da shi gindin wata kaɗanya, ya daɗe bai iya juyawa ba. Wata tsohuwa mai sayar da ƙwan zabi ta kawo masa ruwa, ta ƙi karɓar ko kwabo. Can ya ce, "Mai da ni gida." Ƙanena ya tari lori ya wuce da gaisuwa, ni na juyo da Baba, tafiyar da ba ta fi ta jaki sauri ba. Sai la'asar muka shiga Tamale.

Da magariba makanikin ya zo dubiya da ƙunshin takarda. Ashe ya aika an kawo robar, kwana goma ke nan tana aljihunsa. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga bututun man a yanke, ya mai da ƙunshin aljihu.

Bayan kwana biyu ƙanena ya dawo. Ya ce ran nan tun hantsi yayar Baba ta sa aka zaunar da ita bakin zaure, duk motar da ta ji sai ta tambaya ko ƙaninta ne.

Na koyi cewa abin da ke gyaruwa ba a yanke shi don kunyar sati uku, amma da ƙugun Baba na koya, abin da ke cin raina ke nan. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, yana kwance fuska a bango: "Me taguwar nan ta yi maka?"