Malama Lauratu, Baƙon Ya Iso Gwammaja

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, muna cikin aji aka shigo aka ce Allah Ya yi wa Malama Lauratu, malamarmu ta kwamfuta, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ban yi kuka a lokacin ba. Na riƙe bakin tebur ne kawai, zuciyata tana ta maimaita min cewa ba mu gama aikin ba.

Malama, ni ce Zaituna ta layin baya, wadda kika ce muryarta sai an haɗa da lasifika. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa nake rubutawa.

Matan unguwarmu ta Gwammaja masu ɗinkin hula suna da shafin intanet da aka buɗe musu tun tuni. Kowace mace da nata ɓangaren, amma adireshinsa alamar tambaya ce da jerin lambobi, irin wanda kwamfuta ke haɗawa da kanta. Idan mai saye ya nemi hular Gwammaja a Google, ba ya ganin su. Kin ce mana injin bincike kamar baƙo yake a lungunan cikin gari. In aka ba shi lamba zai yi ta yawo, in aka ce masa gidan wance mai hula, kai tsaye zai je. Sai kika ɗauki aikin mayar da kowane adireshi kalmomi: sunan mace, sana'arta, unguwarta. Ba wanda ya sa ki. Kika kuma koya min yadda ake sa tsohon adireshi ya miƙa mutum ga sabon, kamar yadda mai tashi daga gida yake gaya wa maƙwabta inda ya koma.

Kin ƙi sa sunan kowa sai kin tambaye ta. Bayan la'asar muke shiga gidaje, ina biye da ke. Na tuna tsohuwa 'Yardada da kika tambaye ta sunanta na yanka.

"Wa ya san shi? Malam ma har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sa ba. Sa 'Yardada, shi masu saye suka sani." Sai ta dube ni. "Wannan 'yar rakiyar taki kurma ce?"

Kika ce, "A'a Inna, tara maganar take yi."

Wata mai suna Uwa kuma ta ce maigidanta ba zai so sunanta ya fita waje ba. Ba ki yi mata gardama ba, kika sa mata gidan mai darbejiya, ta yi ta murna.

Abin da ya rage shi ne jira, don injin bincike ba ya ganin gyara nan take, sai ya sake zagayowa. Azumi yana matsowa, hular Sallah kuwa da wuri ake ba da ɗinkinta. In masu saye ba su gan su yanzu ba, shekarar ta wuce su. Mata suka fara ƙorafi. Duk inda 'Yardada ta gan ki sai ta ce, "To Malama, ina baƙon naki?" Ke kuma ki ce yana hanya. A cikin jiran nan ciwo ya kwantar da ke.

Tun da kika rasu na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki littafi sai in ajiye. Ina aron wayar yayata in duba Google da safe, in duba bayan azahar, babu komai. Har a wurin zaman makokinki na duba a ƙarƙashin hijabi, ina jin kunyar kaina. Tsorona kada a ce kin wahalar da mutane a banza, ke kuma ba kya nan balle ki ba da amsa.

Ranar addu'ar bakwai na sake dubawa, sai ga hular 'Yardada a shafin farko, da sunanta a cikin adireshin, ta Uwa a ƙarƙashinta. Ban san lokacin da na miƙe a tsakiyar mata ba. Na ce, "Inna, baƙon Malama ya iso!"

'Yardada ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe tana magana." Sannan ta rufe fuska da mayafi.

Akwai gidajen da ba mu kai ga shiga ba, adireshinsu har yanzu lambobi ne. Jiya na yi sallama a na farko ni kaɗai. An kuwa amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Shehu, da 'ya'yanki Isyaku da Mikail, da ɗalibanki, da matan Gwammaja. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika kira kowace mace da sunan da take so, Allah Ya sa a kira ki da mafi kyawun sunayenki a ƙofar Aljanna. Amin.