Daga Baure Zuwa Daura Neman Muryar Baba

Baure

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, da ɗan akwatin ajiyar sauti a aljihun gaba. Karatun marigayi Baba ne a ciki, wanda ƙanena ya naɗa da kwamfutarsa mai tambarin tuffa kafin ta mutu murus. Tawa ta shago, wadda nake tsara katin biki da ita, ko kallon abin ba ta yi, manhajojinsu ba sa ga maciji. Inna kuwa tun da ta fita takaba take tambayata yaushe za ta ji muryarsa. Kwamfuta biyu ta fi ƙarfina, shi ya sa na sayar da tawa, na fito neman ɗaya mai ɗaukar aikin duka.

Zango

Mu biyu aka cusa a kujerar gaba, giyar mota na dukan gwiwata. Kowane shingen 'yan sanda sai an tsaya an gaisa. A Zango direba ya ce minti biyar, sai da hantsi ya dubi ludayi. Na sha koko da ƙosai, na leƙa wurin wani mai gyaran waya. Ya jujjuya akwatin, wai a goge shi tas, zai yi aiki da kowace kwamfuta. Na fizge kayana ko sallama ban yi masa ba.

Daura

Nan na sha wuya. Kowane shago sabuwa ake tura mini. Sabuwa mai tuffa ba ta karɓar manhajar katina, ta gama-gari ba ta buɗe karatun. Ƙafafuna suka kumbura, raina ya ɓaci. Bayan la'asar wani mai shago, Isiyaku, ya zaro wata tsohuwa mai tuffa, gefenta a lotse.

"Alhaji, irin wannan ce ke ɗaukar biyun. In ka kunna, sai ka zaɓi ɓangaren da za ka shiga. Amma batirinta ba ya jimawa."

Wallahi ba ta kwanta mini ba. Muka gwada aikin kati, tana yi tana nishi. Muka juya ɗaya ɓangaren, karatun ya buɗe. Isiyaku ya kai hannu zai ƙara murya, na riƙe shi. Ba zan riga Inna ji ba. Na biya, na kwana gidan kawuna kamar matacce.

Gida

Da azahar na iso Baure, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na ajiye kwamfutar a tabarma, na danna karatu na farko. Aka yi gyaran murya, ta Baba sak. Ashe bai fara karatun ba.

"A gaya wa Hajiya ta dakata da dakan nan, za mu fara."

Inna ta ajiye faifan waken a hankali.

"To, Malam, na dakata."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Gajiyar kam tana nan a jikina har yau.