Tambayar da ban yi wa Anti Rakiya ba

Ina cikin cunkoson motoci a babbar hanyar 270 da safen nan, zan tafi aiki, saƙon 'yarta ya shigo. Anti Rakiya ta rasu da asuba a asibiti. Zuciya ce.

Na samu gefen hanya na tsaya. 

Ga wanda bai san ta ba, tsohuwar nas ce 'yar Zariya, ta yi shekaru tana koyar da aikin jinya a nan jihar Maryland ta Amurka. Da ta yi ritaya sai ta mayar da falonta na garin Wheaton aji. Duk Asabar muna nan zube a kafet, mu biyar ko shida, 'yan gida masu karatun nas, ga dafa-duka tana jiranmu a kicin.

Ni na je wurinta ne bayan na faɗi jarrabawa sau biyu. Na ɗauka tsofaffin tambayoyi za ta ba ni in haddace, don da hadda na taso. Sai ta miƙo mini littafin rubutu, ita tana ce masa jonal.

Ta ce, "Kullum kafin ki bar aji ko asibiti, layi uku. Abin da kika gani. Abin da ba ki gane ba. Wanda za ki tambaya. Da Hausa, kamar kina yi wa Innarki bayani. In ya ƙi faɗuwa da Hausa, ba ki gane shi ba."

Raina bai so ba. Na ce a zuciyata, na tsallako teku ne don in yi aikin 'yan firamare?

Sati biyu ina rubuta "babu" a layi na biyu. Kun dai san mu, babba ya yi maka bayani, kunya ba ta barin ka ce ba ka fahimta ba. Ran Asabar ta buɗe littafin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ashe farfesa muke da ita a nan. Hauwa, taso ki hau kujerata."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka watse ta riƙe ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan kunyar ki riƙa barin ta a gida. Mara lafiya ma in ya ce miki da sauƙi, ki dubi ƙafarsa, ki saurari numfashinsa, ki sake tambaya."

Daga ranar layi na biyu ya fara cin shafi guda. Tana bi da biro tana amsawa a gefe, wani lokaci babu amsa sai "je ki duba, ki dawo ki koya mini." A cikin littafin nan na gano cewa lissafin awon magani ne ke kayar da ni. Ranar jarrabawa ana dusar ƙanƙara, ita ta kai ni da motarta, ta zauna a ciki tana jira har na fito. Na ci. Har yau ina rubuta layukan nan uku bayan kowane aiki.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan, a shagon kayan Afirka na Wheaton. Ta zo sayen kuka da daddawa. Ta jingina da keken siyayya, numfashi sama-sama, kuma silifas ne a ƙafarta cikin sanyin nan.

Na gani. Wallahi na gani.

Na ce, "Anti, ya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi, Hauwa, gajiya ce kawai."

Na ce Allah Ya ƙara sauƙi. Shi ke nan. Nauyinta nake ji, wace ni in tsare malamata da tambaya a gaban mutane? Ta ce in zo ran Asabar in karanta wa sababbin ɗalibanta tsohon littafina. Na ce in sha Allah.

Da na shiga mota na rubuta: ƙafafun Anti sun kumbura. Ban sani ba ko likitanta ya sani. Zan tambaye ta, ko 'yarta.

Asabar uku suka wuce, ban je ba, ban kira kowa ba. Ɗazu 'yarta ke gaya mini Anti ta ɓoye musu ciwon, wai kada ta ɗaga musu hankali.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare. Amma ina jin ciwon abin nan sosai. Ta shekara biyu tana koya mini abu ɗaya, ranar da ita ta buƙace shi na yi shiru.

Allah Ya jiƙan ki Anti Rakiya, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilimin da kika ba mu ya bi ki da lada. Allah Ya ba iyalinki haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a ko sau ɗaya. Ku sa ni a ciki, Allah Ya yafe mini shirun da na yi.